Ku Zo Mu Je Gadarif, Masu Cewa Baƙin Ciki Ciwon Turawa Ne

Alhaji, sauke girar nan. Tun daga taken rubutun ka fara yamutsa fuska, har ka ce wa yaron shagonka ga wani ɗan boko can ya kwaso zancen warkar da zuciya daga intanet zai ɗora mana. Bakano ne kai, ba ka sayen kaya sai an kwance ɗauri ka gani da idonka, kuma ban ga laifinka ba. Ni kuwa Bazazzage ne, tsakanina da kai ba a neman izini kafin a yi magana, saboda haka gyara zama.

Za ka ce ina ne ma Gadarif ɗin. Mutumin da ya san farashin buhun riɗi a Dawanau tun kafin walaha bai kamata ya yi wannan tambaya ba, don a can kishiyoyinka suke. Gari ne a gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartum, a kan hanyar da ta bi ta Gallabat ta shiga Habasha. Ƙasarsa baƙar laka ce, da damina ta riƙe takalmi ta hana shi fita, da rani ta dare. Tun tsakiyar shekarun 1940 ake noman dawa da riɗi da tarakta a karkararsa, kuma a cikin garin akwai rumbun zamani da ke cin tan 100,000 na hatsi. Farin riɗin da masu saye daga ƙasashen waje ke gwada naka da shi in suna son karya maka farashi, da yawansa daga kasuwar amfanin gona ta Gadarif yake fitowa.

Kuma 'yan'uwanka ne cike da garin. Tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙafa, ana shekaru a hanya, wasu alhazai suka tsaya yin noma don neman guzuri, noman ya yi daɗi, suka zauna. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris na 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Jikokin waɗannan da na wancan ayarin suna nan a Gadarif, da Kassala, da Damazin, suna noma, suna su, suna gasa agashe Sudaniyawa na layi a kai. In ka yi sallama da Hausa a wasu unguwannin, da Hausa za a amsa maka, a kuma tambaye ka mutanen gida.

To ga abin da ya sa na ja ka zuwa can. A 'yan shekarun nan da wuya a sami garin da masu rashi suka taru a cikinsa kamar Gadarif. A Nuwamban 2020 yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray na Habasha, mutane fiye da 60,000 suka tsallako Sudan, aka zaunar da akasarinsu a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba a cikin jihar. A Yulin 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu ya ci fiye da mutum 100, Hausawa da yawa a cikinsu, har aka yi zanga-zanga a Gadarif da Kassala da Khartum. A Oktoba kuma aka sake kashe wajen mutum 200 a Wad al-Mahi. Ranar 15 ga Afrilun 2023 soja da dakarun RSF suka kaure a Khartum. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamban shekarar, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, a Oktoba aka far wa ƙauyukan gabashin Jazira. Kowane karo motoci Gadarif suke dosa. Makarantu suka cika, tashar mota ta cika, gidan da aka gina don mutum bakwai ya ɗauki talatin.

Za ka ce Allah ya kyauta, ka kuma ƙara da cewa wanda ya tsira da ransa ai sai godiya. Gaskiya ne. Amma tsaya ka ji abin da yaƙin ya ƙwace wanda ba ya shiga lissafin masu ba da agaji.

Sudaniyawa gwanaye ne a zaman makoki, har sun so su fi mu. In aka yi rashi, kafin a dawo daga maƙabarta matasan unguwa sun kafa rumfa a kan titi, sun jera kujeru. Mai zuwa gaisuwa tun daga nesa zai ɗaga hannu biyu ya ce Fatiha, mai rashin ya miƙe ya ɗaga nasa, su karanta tare, sannan su rungumi juna. Gidan rashi ba ya ɗora tukunya; kowane maƙwabci ya turo faranti babba da kisira da miya, shayi kuwa ba ya yankewa. Ana zagayawa da takarda kowa ya rubuta abin da ya kawo na gudunmawa. Mata na ciki suna kuka tare, a bayyane, ba mai ce wa wata yi shiru. Kwana uku ana haka, sannan a naɗe shimfiɗa. Ka gane tsarin, don da ɗan bambanci shi ne namu: "Ya haƙuri?", "Allah ya jiƙansa", sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, gumba da waina.

Yanzu ka ɗauki mutumin da yake kwance a ajin makarantar firamare a Gadarif, saƙo ya shigo masa ta WhatsApp cewa mahaifiyarsa ta rasu a Umdurman kwana tara da suka wuce, an binne ta a tsakar gida don ba a iya kaiwa maƙabarta ba. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Haka aka yi ta binne mutane a gidaje da filayen makarantu da bakin titi, har bayan soja sun karɓe Khartum a Maris na 2025 hukuma da ƙungiyar Jinjirin Wata ta Sudan suka shiga aikin tono gawarwaki ana mayar da su maƙabartu. Mutumin nan bai sallaci mahaifiyarsa ba, bai zuba ƙasa ba. Maƙwabtan da za su kafa masa rumfa wani yana Masar, wani yana Bur Sudan, wani ba a san inda yake ba. Wanda ke kwance kusa da shi ya rasa 'ya'ya biyu, to da wane baki zai ce a zo a yi masa gaisuwa? Ya haɗiye. Akwai ma wanda ya fi shi: matar da mijinta ya fita neman burodi bai dawo ba, ba ta san ko takaba za ta shiga ko jira za ta yi ba.

Abin da nake cewa ke nan, Alhaji, kuma ba daga littafin Bature na samo shi ba. Zaman nan na kwana uku da kake ɗauka al'ada ce kawai, magani ne kakanninmu suka haɗa, mun daɗe muna sha ba mu san muna sha ba, sai da aka ga mutanen da aka hana su shi.

Na ji ka. Namiji ba ya kuka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Madalla da namiji. To wa ke farkawa ƙarfe ukun dare tun rasuwar ƙaninsa, ya zauna bakin gado yana danna waya har assalatu? Wa ya daka wa Hajiya tsawa a kan gishirin miya, miyar da ya shekara ashirin yana yabo? Wa ke yawo da ƙwayar hawan jini a aljihun gaba da ta gyambon ciki a na gefe, in an tambaye shi ya ce zirga-zirgar kasuwa ce? Ban kama suna ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, taka kuwa ta riga ta ba da labari. Mu Hausawa mun iya kai ƙarar zuciya wurin likitan ciki: ƙirjina ya yi nauyi, kaina na sarawa, jikina duk ya mutu. A gwada jini, a ɗauki hoto, a ce ba a ga komai ba, ka fito kana cewa likitocin yanzu ba su san aiki ba.

Mata ma ba su tsira daga wannan ba, ko da yake su an yarda su yi kuka. Ka tuna uwar da ta rasa ɗan fari, wadda alkunya ta hana ta kiran sunansa yana raye, ta kuma hana ta kukansa a gaban mutane bayan ya mutu. Mukan yaba mata mu ce ta cika 'yar halak. Ba mu cika komawa bayan wata shida mu ga yadda zaninta ya fara zagaye ta sau biyu ba.

Allah gafarta Malam, na ga ka matso da buzunka, kuma na san ta inda za ka ɓullo: wanda ya yi imani da ƙaddara ba ya buƙatar wani ya zauna yana sauraron kukansa. Ni ɗalibi ne a gabanka, sai dai ka ba ni dama in yi maka tilawar abin da kai ka karantar da mu. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma ba a sauke shi daga annabta ba. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, masu tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta, ba su ji kunyar sunan ba. Da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake barin duniya, idanun mahaifinsa sun zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, aka sanar da shi cewa wannan jinƙai ne. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalibi ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, umarnin da aka bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci. Nana A'isha kuwa in an yi rashi a danginta, mata sun watse, sai ta sa a dama talbina, wani kunu mai laushi na garin sha'ir, a ba masu rashin, don yana sanyaya zuciya. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Kunu fa, Malam. Da ni na ce a ba mai baƙin ciki kunu, da ka ce ɗan boko ya raina mutuwa.

In kuma ka ce waɗannan na can nesa, ga ta gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba a yi mace mai ilimi kamarta ba a zamaninta a ƙasar nan, kuma kaso mai yawa na waƙoƙinta marsiyya ne. Ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Ta zauna ta tsara ciwonta baiti-baiti, ta bar shi a takarda kowa ya karanta. Ko ita ma intanet ce ta ɓata ta?

Inda kake da gaskiya, kana da ita cikakkiya, ba zan rage maka ko ƙwaya ba. An hana kururuwa da yaga tufafi da marin fuska da maganar da ke tuhumar Ubangiji. Kuma mutumin da ya yarda cewa wanda ya tafi yana hannun Mai rahama, yana da abin jingina da babu asibitin da ke sayar da shi. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya idar da sallar asuba ya zauna da carbinsa har rana ta fito, numfashinsa ya daidaita, ya tashi da ƙarfin shiga wuni. Rigimata da kai ɗaya ce: kana zuwa gaisuwa ka ce a yi haƙuri tun kafin mai rashin ya buɗe baki, sai ya ji kamar an rufe masa ƙofa. Bari ya gama faɗin yadda suka yi sallama da mamacin ranar ƙarshe tukuna. Wa'azin ba zai huce ba.

Ke kuma 'yar boko da ke can baya kina tafa mini, ajiye hannunki, yanzu zan zo kanki. Ke ce mai tura wa wadda ta yi rashi jiya hoton matakai biyar na baƙin ciki, ki ce mata tana mataki na biyu. Likitar da ta fito da matakan nan, Elisabeth Kübler-Ross, a littafinta na 1969, da majinyatan da ke dab da mutuwa ta zauna, halin da suke shiga ta bayyana. Mutane ne daga baya suka mai da shi jadawalin makoki, kamar na jarrabawa. Baƙin ciki ba ya bin layi. Yau mutum ya yi dariya a wurin suna, jibi ƙamshin turaren da marigayiya ke sawa ya durƙusar da shi a tsakiyar kasuwa, kuma lafiyarsa lau. Ki je ajin nan na Gadarif ki ce wa uwar 'ya'ya biyar ta rufe ido ta saurari ƙarar ruwan sama a waya don ta sami natsuwa, alhali ruwan sama na gaske yana zuba ta rufin ajin.

Ke da Malam akwai wanda ya sulhunta ku tun ba a haife ku ba, kuma ɗan Sudan ne. Dakta Tijjani al-Mahi, an haife shi a 1911, ya rasu a 1970, shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar, asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman sunansa yake ɗauke da shi. Ya yi karatu a Landan, ya dawo bai ce malaman tsibbu da shehunan ɗariƙa jahilai ba ne. Ya je wurinsu ya zauna ya ga yadda suke karɓar masu taɓin hankali, ya yi nazarin zar, wanda ɗan'uwan borinmu ne, ya nemi su turo masa wanda ya fi ƙarfinsu. A Abekuta, Dakta Adeoye Lambo ya yi irin wannan a Aro daga 1954, yana sauke majinyata a gidajen ƙauye tare da danginsu. A Harare ta Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, zama shida, aka gwada tsarin aka buga sakamakon a 2016, ya nuna yana aiki. Kakarki ce fa aka ba benci. Ke kuma in ta fara ba ki labari sai ki sa abin kunne.

Kada Alhaji ya ji wannan ya ce shi ke nan, ashe ba ruwanmu da asibiti. Da sauranka. Manomin Gadarif in ya yanke riɗi ba ya kaɗe shi ranar. Yakan tsayar da dammunan ya jingina su da juna su sha iska kwanaki, sannan ya kifa su ƙwaya ta zubo da kanta. Amma in ya bar su har suka wuce lokaci, kwanso ya fashe, ƙwari da ƙasa ne za su ci. Rashi ma haka yake: ba a gaggauta shi, ba a kuma yin watsi da shi. Yawancin mutane lokaci da jama'a da addu'a sun ishe su. Wasu kaɗan ba sa isar su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin da ya ƙi sassautawa a jerin cututtukan da ta fara aiki da shi a 2022: wanda ya wuce aƙalla wata shida, ya zarce abin da al'adar mutanensa ta saba gani, ya hana shi aiki da mu'amala. Ƙara da wanda ya daina ci, ko yake firgita da ƙarar ƙofa don ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ko ya fara cewa gara ya bi mamacin. Wannan na ƙarshen ba a jira da shi ko kwana ɗaya, ba a kuma barinsa shi kaɗai. A yi masa addu'a a cikin mota, a hanyar zuwa wurin likita.

A nan ne kai ka fi mutumin Gadarif gata, kana kuma wasa da gatan. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Sudan, na Tijjani al-Mahi da na Taha Ba'ashar a Bahri, duk a yankin Khartum suke, inda wutar ta fara ci. Kai kuwa ga na Dawanau, ga na Kware a Sakkwato, ga na Barnawa a Kaduna. Kullum kana Dawanau wurin riɗi, amma in aka ce ka kai ɗan'uwanka ɗaya Dawanau ɗin sai ka ce za a ɓata sunan gida, 'yan matan gidan su rasa miji. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Abin da ya fi burge ni da mutanen can shi ne yadda suka ƙi yarda a raba su da zaman. Matan Tigray a Um Rakuba, da ɗan abin da suka tsira da shi, sukan soya gahawa a kan gawayi, a sha zagaye uku kamar yadda ake yi a gida, kuma ba a shan zagaye uku a tsaye. Matan Sudan suna da jabanarsu da citta, wadda in an ɗora ta maƙwabciya ba ta jiran gayyata. Matasa kuma suka farfaɗo da takiyya, girkin sadaka irin na zawiyoyin shehunai, suna dafa wake da adas a manyan tukwane a unguwanni da wuraren da aka sauke baƙi. Mai ba da agaji zai rubuta cewa an ciyar da mutum kaza. Ba zai rubuta cewa wadda ke yanka albasa ta sami wurin da za ta yi hawaye ba a tambaye ta dalili ba, ko ta kusa da ita ta gane ba albasar ba ce ta matso.

Hajiya, ke ma ba ki tsira ba, daina dariya. Gidan makoki a birni yanzu ya fara kama da wurin biki: a zo da sabon leshi, a duba wa ya kawo lemo katan nawa, a ƙulla cinikin atamfa a kusurwa, mai takaba na zaune a tsakiya ba wanda ya tambaye ta ko ta runtsa jiya. Ranar arba'in kowa ya kama gabansa. Ita kuwa wata huɗu da kwana goma ne a gabanta, kuma ciwon ba ya tashi sosai sai tabarmi sun naɗe, gida ya yi tsit, ta ga takalminsa a bakin ƙofa. Ziyarar kwana na sittin ta fi ta kwana na biyu tsada, don ita ba mai ganinki balle ya yaba.

Kai kuma Alhaji, na san irin gaisuwarka. Ka sauko daga mota ba a kashe inji ba, ka tsuguna, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri, ka cusa dubu biyar ƙarƙashin tabarma, ka shafa, ka miƙe. Minti huɗu. Za ka ce to in na zauna me zan ce masa, ni ban iya irin maganganun nan ba. Ba wanda ya ce ka iya. Ka tuna masa ranar da marigayin ya taya ka rigima da ɗan dako, ko bashin da ya yafe maka ka ƙi faɗa wa kowa, ka bar shi ya ɗora nasa. In ya yi kuka kada ka duba agogo, in ya yi dariya kada ka ce astagfirullah. Ka ce wa direba ya kashe motar nan, man fetur ya yi tsada, kai ka fi kowa faɗa.